Wanda Ya Faɗo Daga Sama: Baƙo Ne Ko Abokin Gaba?

Ran nan bayan sallar isha'i muna zaune a teburin mai shayin bakin masallaci nan Sabo, sai wani yaro direban tirela ya miƙo wayarsa ya ce mu kalli wani tsohon bidiyo. Jirgin yaƙin Rasha ne ƙirar Su-24, wanda Turkiyya ta harbo ranar 24 ga Nuwamba 2015 a kan iyakarta da Siriya. A lokacin Rasha na yaƙi a cikin Siriya. Turkiyya ta ce jirgin ya keta mata sararin samaniya na daƙiƙa 17 bayan an yi ta yi masa gargaɗi, Rasha kuma ta ce ko kusa bai shiga ba. Mutum biyu ne a ciki, duka suka yi tsalle da lema. Suna cikin saukowa mayaƙan da ke ƙasa ta ɓangaren Siriya suka buɗe musu wuta, suka kashe matuƙin, Oleg Peshkov. Ɗayan ya tsira, aka zo aka ɗauke shi.

Direban nan ya ce, "Ai maganinsa ke nan. Mutum ya gama zuba wa bayin Allah wuta, don ya faɗo sai a ce a ji tausayinsa?"

Wani dattijonmu mai goro ya aje kofinsa ya ce, "Haba yaro. Mutumin da ke reto a igiya, ba ya sama ba ya ƙasa, shi za ka harba?"

Gardama ta kaure har mai shayi ya fara kife kofuna. Ni dai ban tsoma baki ba a wurin, amma maganar ta bi ni har gida, don na ga tambayoyi biyu ne aka cuɗe wuri guda. Akwai maganar shi wanda ya faɗo, ko jininsa ya halatta. Akwai kuma maganar ƙasar da ba da ita ake faɗa ba, tana zaman zamanta jirgin wasu ya zo ya rikito a gonarta. Ta biyun nan ita ta fi damuna, saboda ta fi kama da irin zaman da muke yi a garin mutane.

Dokokin yaƙi na duniya sun taɓo duka biyun. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Hague a 1907 ta ce ƙasar da ta zaɓi zama 'yar ba-ruwanmu, in sojan masu faɗa ya shigo mata, sai ta tsare shi, ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, kada ta bari ya koma fagen daga. Daga baya a 1977 aka yi ƙari a kan yarjejeniyar Janeba, aka hana harbin wanda ya yi tsalle daga jirgin da ya lalace muddin yana cikin saukowa. A takarda abin ya tsaru. Sai dai takarda ba ta da ɗa a ƙarƙashin ginin da bam ya rusa, kuma ba ta da maƙwabci mai ƙarfi da ke zare mata ido. Bari mu duba ƙasashe biyu da abin ya faɗa wa a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu da suka je Bama suke kira yaƙin Hitila.

Ayalan ƙaramin tsibiri ne a yammacin Birtaniya. Kudancinsa ya samu 'yancin kai, arewacinsa yana hannun Birtaniya, kuma da yaƙi ya ɓarke a 1939 gwamnatin Éamon de Valera da ke Dublin ta ce ba ruwanta. To amma jiragen Jamus da ke farautar jiragen ruwa a tekun Atlantika da na Birtaniya da ke korar su duk ta saman kanta suke shawagi. Hazo ya rufe hanya, mai ya ƙare, inji ya mutu, sai a faɗo. A watan Agustan 1940 wani babban jirgin Jamus ya daki dutsen Brandon a yankin Kerry, mutanen cikinsa suka tsira, su ne aka fara tsarewa. Ba a daɗe ba na Birtaniya ma suka fara faɗowa. Har ta kai gwamnati ta sa an jera duwatsu an shafe su da farar ƙasa a bakin teku, an rubuta sunan ƙasar da manyan haruffa a wurare fiye da 80, don matuƙi ya leƙo ya san inda yake.

Wurin da aka tsare su, barikin Curragh, abin mamaki ne. Jamusawa a gefe guda, sojan Birtaniya da abokansu a ɗaya gefen, katangar langa-langa ce kawai a tsakani. Mutum zai sa hannu a takarda cewa zai dawo, a buɗe masa ƙofa ya tafi gari, ya kalli sukuwar dawaki, ya shiga kantin da abokin gabansa yake sayayya, da dare ya dawo ya kwanta. Wasu daga cikin Jamusawan har karatu suka yi a jami'a a Dublin, wasu suka auri 'yan ƙasar. Akwai wani Ba'amurke, Roland Wolfe, da ke tuƙa wa Birtaniya jirgi ƙirar Spitfire. Ya faɗo a yankin Donegal a ƙarshen Nuwamban 1941, aka kai shi Curragh. Bayan kamar mako biyu ya sulale ya tsallaka iyaka ya koma sansaninsu a arewa. Ka san abin da manyansa suka yi? Suka juyo da shi aka mai da shi inda ya baro, don kada a ce an karya alkawari, a rufe wa sauran 'yan uwansa ƙofar fita. A tsakiyar yaƙin da aka kashe miliyoyin mutane, sai ga soja sun mayar da matuƙinsu tsare saboda sa hannu ɗaya a takarda. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna yadda iyayenmu fatake suke karɓar goro ko shanu bashi a nan Kurmi ba tare da ko shaida ba.

Kada dai a ɗauka Ayalan ba ta ɗanɗana ba. Daren 31 ga Mayu 1941 jiragen Jamus suka saki bama-bamai a unguwar North Strand cikin Dublin, mutum 28 suka mutu, gidaje masu yawa suka rushe. Sai a 1958 Jamus ta Yamma ta biya diyyar fam 327,000. A daren da ake tono gawarwakin nan, akwai matuƙan Jamus a Curragh suna barci a kan gadon gwamnati, da safe kuma aka ba su karin kumallo kamar kullum. Ba wanda ya je ya jawo su waje.

To a nan direbanmu zai ce, ka gani ko? Ina adalci a ce uwa tana binne ɗanta, abokan wanda ya kashe shi suna kallon sukuwa? Ban raina wannan magana ba. Duk wanda ya ce ba ta da nauyi, bai taɓa tsayawa a kan gawar nasa ba. Amma a dubi abin da ke faruwa idan aka bar wa zuciya da taron jama'a hukunci. A garin Rüsselsheim na Jamus, ranar 26 ga Agusta 1944, an biyo da wasu matuƙan Amurka da aka kama ta cikin gari, washegarin daren da aka yi wa garin ruwan wuta. Mutane suka far musu da duwatsu da sanduna da guduma, aka kashe shida. Alhali jiragen Birtaniya ne suka kai harin daren, su waɗannan an harbo su tun kwana biyu kafin nan a wani wuri can daban. Taro ba ya tambayar suna, ba ya tambayar rana. Wanda ya samu a gabansa shi ne mai laifi. Mu da muke zaune a Kudu ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Matuƙin da ya faɗo yana iya zama mai laifi, ƙwarai kuwa. Idan da gangan ya jefa wa kasuwa bam, akwai shari'a, a tsare shi a kai shi gabanta da ransa. Abin da nake cewa, tun daga lokacin da ya rabu da jirginsa ba shi da abin da zai cuce ka da shi, kashe shi kuma ba zai tsare ran kowa ba. Huce haushi ne kawai, kuma mai huce haushi ba alƙali ba ne. Malamanmu sun karantar da mu yadda aka yi da fursunonin Badar, mutanen da jiya-jiya suka zare takobi a kan Musulmi. Abu Aziz, ɗan'uwan Mus'ab bin Umair, yana cikinsu, kuma shi da bakinsa ya ba da labarin cewa mutanen Madina da ke tsare da shi sukan ba shi gurasa su su ci dabino, saboda wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi musu a kan fursunoni. Gurasa kuwa ita ce abinci mai tsada a Madina a lokacin.

Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Inda na daɗe ina juyi shi ne ɗayan: shin maƙwabci dole ne ya auna wa ɓangarorin biyu da mudu ɗaya?

Ayalan ba ta yi hakan ba. A baki ta ce kowa daidai ne, a ƙarƙashin tabarma kuwa ta karkata. Tun 1941 ta yarda a asirce jiragen Birtaniya su riƙa ratsa wani zirin sararinta a Donegal su fita teku. Daga baya aka ɓullo da wata dabara: jirgin da ya faɗo yana bakin aikin yaƙi a tsare mutanensa, wanda kuwa yake atisaye ko ana kai shi wani wuri ne a sallame su. Matuƙan Birtaniya da na Amurka suka gane karatun, kowa ya faɗo sai ya ce atisaye yake, a ba shi shayi a raka shi bakin iyaka. Bajamushe kuwa ba shi da bakin cewa atisaye ya kawo shi tun daga Faransa. Kafin ƙarshen 1944 an sallami duk na ɓangaren Birtaniya daga Curragh, Jamusawa suka zauna har aka gama yaƙi a 1945. Abin dariya, shi de Valera ɗin da ya yi wannan, shi ne kuma da Hitila ya mutu ya tashi ya je wa jakadan Jamus ta'aziyya a watan Mayun 1945, wai don a ga bai nuna bambanci ba. Har yau ana yi masa gorin wannan tafiya.

Suwizalan ita ma ta karkata, sai dai tata ta fara ne da tsoro. Ƙasa ce ta duwatsu a tsakiyar Turai, Jamus na arewa da ita. A watannin Mayu da Yunin 1940, lokacin da Jamus ke murƙushe Faransa, jiragenta suka riƙa yanke hanya ta saman Suwizalan. Matuƙan Suwizalan suka tashi suka kakkaɓo guda 11, da jiragen Messerschmitt da suka saya a hannun Jamus ɗin kanta. Berlin ta fusata ta aiko da barazana. Faransa ta faɗi, Suwizalan ta waiga ta ga an kewaye ta ta ko'ina, sai babban kwamandanta Janar Henri Guisan ya hana matuƙansa tarar jiragen waje a sama, aka kuma mayar wa Jamus matuƙanta da ke tsare tun yaƙi bai ƙare ba. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, sai ka mai da shi wasa.

Da yaƙi ya juya, sai manyan jiragen Amurka masu kai hari kudancin Jamus suka fara shigowa da fikafikai a huje, suna neman inda za su sauka. Jirage 166 ne suka sauka ko suka faɗo, matuƙa da ma'aikatansu kusan 1,700 aka tsare a otal-otal na kan duwatsu irin su Adelboden da Davos. A nan ma maƙwabci ya sha wuta. Ranar 1 ga Afrilu 1944 jiragen Amurka suka ɓata hanya suka yi wa garin Schaffhausen luguden bama-bamai suna zaton Jamus ce, mutum 40 suka mutu. Amurka ta ba da haƙuri ta fara biyan diyya nan take, a 1949 kuma ta cika da kuɗin Suwizalan faran miliyan 62 na duk ɓarnar da ta yi wa ƙasar. A watan Satumban 1944 wani matuƙin Suwizalan ya tashi yana raka wani jirgin Amurka da ya ji rauni zuwa filin sauka, sai jiragen Amurka masu rakiya suka ɗauka Bajamushe ne, tunda irin jirginsu ɗaya, suka harbo shi ya mutu. Mai rabon faɗa ke nan.

Abin da ya ɓata wa Suwizalan suna shi ne wani sansanin horo da ake kira Wauwilermoos, inda ake kai waɗanda suka yi yunƙurin gudu. An damƙa shi a hannun wani hafsa mai suna André Béguin, mai ra'ayin 'yan Nazi. Mutane suka kwana a kan ƙazamar ciyawa cikin sanyin ƙanƙara, ga kwarkwata, ga yunwa, ga cin zarafi. Bayan yaƙi kotun sojan ƙasar ta ɗaure Béguin, kuma sai a 2014 Amurka ta ba waɗanda suka zauna a wurin lambar girma ta fursunonin yaƙi, lokacin da 'yan ƙalilan ne suka rage da rai.

Da na jera waɗannan, ga inda na tsaya, wanda ya ga ba haka ba shafin nan a buɗe yake. Ban ga laifin Ayalan ba sosai da ta buɗe wa ɓangare guda ƙofar baya, don duk wanda ya san abin da gwamnatin Hitila ta aikata ba zai ce ɓangarorin nan biyu ɗaya suke ba. Ba kuma zan ce tsabar imani ne ya sa ta ba, gawayinta da manta da yawancin cinikinta duk ta hannun Birtaniya suke biyowa. Ban kuma iya zagin Suwizalan a kan 1940 ba, ina zaune a inuwa ina shan shayi ba zan koya wa wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya jarumta ba. Sai dai a kira abu da sunansa: ranar da ka saki matuƙin wani ya koma ya hau jirgi, ka tsoma hannu a yaƙin, ko ka faɗa ko ka ɓoye, kuma bam ɗin da zai jefa gobe kana da kaso a ciki. Wauwilermoos kuwa ba ni da uzurin da zan ba shi. Siyasa tana iya sa ka zaɓi wanda za ka buɗe wa ƙofa, amma ba ta da hurumi a kwanon abincin wanda ke hannunka, ko bargonsa, ko kabarinsa. A wannan fannin Ayalan ta fita kunya. A wani kwari da ake kira Glencree, kudu da Dublin, akwai maƙabarta mai kaburbura 134 ta Jamusawa, da yawansu matuƙan da suka faɗo ne da ma'aikatan jiragen ruwa da teku ta turo gawarsu gaɓa. Wasu ko sunansu ba a sani ba, an dai tattaro su an binne da mutunci a ƙasar da jiragensu suka taɓa yi wa ɓarna.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da jiragen Turawa? Ba mu da jirgi, amma muna da katanga, kuma ana tsallako ta. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, an samu Yarabawa da suka ɓoye Hausawa a ɗakunansu, an samu Hausawa da suka yi wa Yarabawa haka. Allah Ya saka musu. Amma waɗancan da aka ɓoye bayin Allah ne da ba su ji ba ba su gani ba, ɓoye su bai buƙatar dogon tunani. Jarrabawar ita ce ranar da wanda ya diro maka tsakar gida hannunsa na warin fetur, ƙafarsa a karye, ga taro a ƙofa suna cewa a fito da shi. Abin da aka rubuta a Hague shi ne abin da dattawan zango suka daɗe suna yi ba tare da sun ji sunan garin ba: ka karɓe addarsa, ka rufe ƙofa, ka ba shi ruwa, ka aika wa Sarkin Hausawa da hukuma su zo su tafi da shi. Ba ka miƙa shi ga taro, ba ka kuma buɗe masa ta baya ya koma ya ƙarasa abin da ya fara. Ranar da aka ci Makka, Ummu Hani ta ba wani daga dangin mijinta mafaka, ɗan'uwanta Sayyidina Ali yana neman kashe shi, ta tare shi ta kai maganar gaban Manzon Allah (SAW), ya kuma tabbatar da mafakar da ta bayar. Mace ɗaya ta rufe ƙofa a gaban ɗan'uwanta na jini.

Sai kuma wadda ta fi ɗaci, wadda ba mu cika son a taɓo ba. Idan wanda ya diro ɗin namu ne fa? Ɗan unguwa, ka san uwarsa, kun yi sahu ɗaya da ubansa, kuma ka san sarai shi ya cinna wa shagon Bayarabe wuta. A nan ne kowannenmu yake zama Ayalan, zuciya ta ce ai atisaye yake, a ba shi shayi a raka shi tasha ya hau motar Arewa kafin gari ya waye. Bambancin shi ne de Valera yana da Hitila a ɗaya ɓangaren da zai kafa hujja da shi. Mu kuwa wanda ke ɗaya ɓangaren shi ne mai gidan da muke haya, da matar da ke sayar wa 'ya'yanmu ƙosai, kuma suna kallon mudun da muke awo da shi. Idan suka ga namu kullum ta ƙofar baya yake fita, ranar da ɗanmu marar laifi ya faɗa gidansu, da wane baki za mu roƙe su su rufe ƙofa?

Bayan kwana biyu na sake haɗuwa da direban nan a wurin mai shayi, na ba shi labarin Rüsselsheim da na Ummu Hani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, duk na ji. Amma in ɗanka ne a ƙarƙashin ginin, wallahi ba za ka tuna da wata Hague ba." Na ce masa mai yiwuwa gaskiyarsa ne, shi ya sa nake fatan in ranar ta zo a samu wani a kusa da zai riƙe mini hannu. Bai gamsu ba. Dattijo mai goro ya tambaye ni yadda aka ƙare da gawar matuƙin Rashan, na gaya masa Turkiyya ce ta karɓo ta daga cikin Siriya, aka kira limaman cocinsu suka yi mata addu'a irin tasu, sannan aka miƙa ta ga Rasha aka kai shi gida. Ya gyaɗa kai ya ɓare goro ya miƙa wa direban rabi. Shi kuma ya karɓa ya miƙe, ya ce da asuba zai ɗauki lodi zuwa Kano.